Ɗan akawu da ɗan waziri a teburin sulhu: muhawara kan Johan Adler Salvius

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk wanda ya taɓa zama ajin hulɗar ƙasa da ƙasa ya ji labarin sulhun Westphalia na 1648, wanda ya kashe wutar Yaƙin Shekara Talatin a Turai. Ana haddace shekarar a zuba ta a takardar jarrabawa, amma da wuya ka ji an ambaci mutanen da suka share shekara biyar suna ja-in-ja kafin a kai ga sa hannu. Ɗaya daga cikinsu nake so mu baje a faifai yau: Johan Adler Salvius, jakadan ƙasar Suwidin.

An haife shi a 1590 a Strängnäs, wani ƙaramin gari a bakin tafkin Mälaren. Mahaifinsa ma'aikacin alƙalami ne na hukumar gari, ba sarauta, ba gandu. Karatu ne ya fitar da yaron: ya fara daga Uppsala, ya bi jami'o'in Jamus irin su Rostock da Helmstedt da Marburg, ya taɓa karatun likitanci a Montpellier, ya ƙare da digirin dakta a fannin shari'a a Valence ta ƙasar Faransa. Da ya dawo gida Sarki Gustav Adolf ya jawo shi jiki. Ya zauna a babbar kotun Svea, ya zama sakataren sarki, a 1629 aka shigar da shi sahun masu sarauta.

Abin da nake gani shi ne, a ɓangaren Suwidin babu wanda ya riga shi gane cewa yaƙin nan ya kai matakin da ci gaba da shi asara ce, kuma ba don shi ba da zaman sulhun ya ƙara jan lokaci. Mai ja, ga fili.

Ɗan Zinder:
Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni ina ja. Ta yaya za a naɗa masa rawanin mai son zaman lafiya alhali shi ne ya rubuta takardar da Gustav Adolf ya kafa hujja da ita ya shiga Jamus a 1630? Alƙalaminsa ne ya buɗe ƙofar. An buga takardar nan cikin harsuna da dama aka watsa ta a Turai. Shekara 18 Suwidin ta yi tana yaƙi bayan haka.

Malam Habibu:
Gaskiya ne, shi ya tsara ta, ba zan ɓoye ba. Amma ka duba abin da ya faru shekara guda kafin nan. A 1629 Ƙaisar Ferdinand na biyu, babban sarkin daular Jamus, da Sarkin Denmak suna sulhu a Lübeck, aka tura Salvius don a ji ta bakin Suwidin, wakilan Ƙaisar suka hana shi ko shiga zauren. Wannan wulakanci na cikin ƙorafe-ƙorafen da takardar ta lissafa, tare da sojojin da Ƙaisar ya aika don taimakon Poland a kan Suwidin, da kuma yunƙurinsa na kafa ƙarfi a tekun Baltic. Abin mamaki, batun addini bai samu wuri sosai a cikinta ba, duk da ana kallon Gustav Adolf a matsayin garkuwar mabiya Furotesta. Tun daga farko da harshen tsaro da maslaha Salvius yake magana.

Ɗan Zinder:
To ai ka ƙara mini ƙarfi, Malam. Mutumin maslaha ne. Lokacin da yaƙi ke da riba ya rubuta wa yaƙi, da riba ta ƙare ya koma wa sulhu.

Maman Ihsan:
Ku dakata tukuna, Malam ya tsallake wani babi. Ba karatu kaɗai ya ɗaga shi ba. Ya auri Margareta Skuthe, matar wani attajirin maƙerin zinariya da ya rasu a Stockholm, kuma ta girme shi da shekara 30. Da dukiyarta ya samu tsayuwa da ƙafarsa. Idan ana lissafin waɗanda suka gina mutumin nan, a sa sunan baiwar Allah nan a gaba. Jakada a wancan zamani albashi bai isarsa komai ba, sau da yawa daga aljihunsa yake ciyar da gida da barori da baƙi, daga baya ya bi gwamnati bashi.

Malam Habibu:
Kin kawo abu mai nauyi, Hajiya. Kuma daidai nan ne zan amsa wa ɗan'uwana na Zinder. Daga 1631 Salvius ya zauna a Hamburg a matsayin wakilin Suwidin, kuma Hamburg ita ce kasuwar kuɗi da labarai ta arewacin Jamus. Suwidin ƙasa ce mai ƙarancin jama'a da ƙarancin kuɗi, ba za ta iya ɗaukar nauyin rundunar da ta tara ba. A yarjejeniyar Bärwalde ta Janairun 1631 Faransa ta yarda ta riƙa biyan riksdaler 400,000 duk shekara, kuɗin azurfa na lokacin, a kan Suwidin ta ajiye dakarun ƙasa 30,000 da mahaya 6,000 a Jamus. Ku lura, Faransa Katolika ce, kuma babban malamin coci, Richelieu, ke jan ragamarta, amma tsoron gidan Habsburg, wato gidan sarautar Ƙaisar, ya sa ta biya Furotesta kuɗin yaƙi.

Kuɗin nan ta hannun Salvius suke wucewa. Shi ke neman lamuni wurin attajirai kafin su iso, wani lokaci ya sa nasa sunan da nasa kuɗin jingina. Janar-janar suna ganin yaƙi a filin daga, shi kuwa a littafin bashi yake ganinsa: nawa hatsi, nawa albarushi, wata nawa sojoji suka yi ba a biya su ba. Wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ba ya buƙatar a faɗa masa cewa ƙasarsa ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyanta.

Barista Nura:
Yallaɓai Malam, a ƙara da cewa ya yi arziƙi ƙwarai a wannan aiki. Ba kyauta yake ba gwamnati rance ba, kuma ya mutu yana cikin manyan masu dukiya. Na biyu, shi ne ya ƙulla yarjejeniyar Hamburg ta 1638 da jakadan Faransa, d'Avaux, aka sabunta ta a 1641 da sharaɗin za ta ci gaba har ƙarshen yaƙi, kuma babu wanda zai yi sulhu shi kaɗai ya bar ɗan'uwansa. A idon lauya wannan sharaɗi ɗaure Suwidin ya yi a jikin yaƙi. Ko da Ƙaisar ya miƙo mata tayi mai kyau, ba ta da damar karɓa sai Faransa ta ƙoshi.

Malam Habibu:
Barista, ka tuna halin da ake ciki. Sarki Gustav Adolf ya mutu a fagen daga a Lützen a Nuwamban 1632 ya bar 'ya mace, Kristina, ba ta cika shekara shida ba. A 1634 aka ragargaza rundunar Suwidin a Nördlingen. A 1635 yawancin sarakunan Jamus, har da Saxony, suka sasanta da Ƙaisar a Prague suka juya wa Suwidin baya. Ba don kuɗin Faransa ba da an kore su babu ko sisi. Kuma a daidai shekarun nan Salvius bai rufe ƙofa ba, yana ganawa da wakilan Ƙaisar a gefe, abin da ya sa Faransawa ba su saki jiki da shi ba a lokacin. Sannan shi ɗin ne dai ya sa hannu a yarjejeniyar share fage ta Hamburg a Disamban 1641, wadda ta tsayar da cewa za a zauna a garuruwa biyu: Münster ga Faransa, Osnabrück ga Suwidin.

Zainab Ɗalibar Tarihi:
Malam, don Allah me ya sa garuruwa biyu? Ba zai fi sauƙi a tara kowa a zaure ɗaya ba?

Barista Nura:
Ƙanwata, abu biyu ne. Wakilin Fafaroma, Fabio Chigi, ba zai zauna a teburi ɗaya da Furotesta ba. Sannan Faransa da Suwidin kowacce ba ta yarda jakadanta ya zauna ƙasa da na ɗayar ba. Sai aka raba, tsakanin garuruwan kimanin kilomita 50, manzanni suna kai da komo a kan doki. A Münster akwai masu shiga tsakani, Chigi da Contarini na Venice. A Osnabrück Denmak ce ta so wannan matsayi, amma Suwidin ta far mata da yaƙi a 1643, shi ke nan aka koma magana gaba da gaba ba mai raba gardama.

Abu Yusra (Jamus):
Salam. Ni ina zaune ba nisa da Osnabrück, kuma na shiga zauren da suke kira zauren sulhu a ginin hukumar garin. Tun daga ƙofa, mariƙinta an ƙera shi da siffar kurciya, an rubuta 1648 a jiki. A ciki bango ya sha hotunan jakadu da sarakuna, an jera su sahu-sahu sama da kujerun katako da ke manne da bango, kowa da farar kwala da gashi har kafaɗa. Wurin bai kai girman da mutum zai zata ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yawan fuskokin: kowace fuska da ubangidanta da buƙatarta, kuma sai an shawo kan kowa.

Baba Alhaji Mai Ritaya:
Yaran nan kun yi ta zagaye, ba ku zo inda ni abin ya dame ni ba. Na yi aikin gwamnati har na gama, kuma abin da Sarauniya Kristina da Salvius suka yi wa Johan Oxenstierna ba zan taɓa kiransa daidai ba.

Ga yadda abin yake. Suwidin ta tura jakadu biyu. Shugaban tawaga shi ne Johan, ɗan Waziri Axel Oxenstierna, wanda ya riƙe ƙasar tun rasuwar sarki. Na biyu Salvius, wanda ya girmi Johan da fiye da shekara 20. Kristina ta karɓi mulki a hannunta a ƙarshen 1644, tana son sulhu da wuri, tana kuma son ta rage ƙarfin gidan Waziri. Sai ta buɗe wata hanyar wasiƙa ta sirri tsakaninta da Salvius. A Afrilun 1647 ta aika wa jakadun biyu takarda mai zafi tana zarginsu da jan ƙafa, tana yi musu barazana da fushinta. A gefe kuma ta rubuta wa Salvius cewa kada ya damu, da Johan take, har tana neman ya ba ta labarin yadda fuskarsa ta yi lokacin da yake karantawa.

Ku dubi wannan da kyau. Mutum biyu a ɗaki ɗaya, takarda ɗaya a gabansu mai hatimin sarauta. Ɗaya yana karantawa jikinsa na sanyi, ɗayan yana kallonsa da wata takardar a aljihu. Abokan hamayya kuma ba makafi ba ne, sun san tawagar ta rabu, sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa idan suna neman sassauci. Wannan raunana ƙasa ne a gaban baƙi.

Maman Ihsan:
Baba, Allah ya ƙara girma. Amma shi ma Johan yana da tasa hanyar ta sirri, wasiƙun mahaifinsa. Waziri yana gaya wa ɗansa ya ja, Sarauniya tana gaya wa Salvius ya gama. Wa ya fi cancanta a bi, mai ƙasa ko wazirinta?

Baba Alhaji Mai Ritaya:
'Yata, mai ƙasa ake bi. Amma mai ƙasa idan ba ta gamsu da jakada ba sai ta kira shi gida a fili ta naɗa wani. Ba ta yi haka ba saboda ba ta da ƙarfin tunkarar Waziri kai tsaye, sai ta bi ta bayan gida. Shi kuma Salvius ya yarda aka yi amfani da shi, don ya san akwai lada a gaba.

Malam Habibu:
Baba, na karɓi rabin maganarka. Hanyar ba ta da kyau. Sai dai a dubi wanda aka ɗora masa a kai. An naɗa Johan shugaban tawaga yana ɗan shekara talatin, ba don ya fi kowa sanin Jamus ba, sai don ɗan wane ne. An san shi da girman kai da son alfarma, har ana busa ƙaho ana kaɗa tambari don a sanar da gari cewa jakada zai ci abinci. Salvius kuwa ya yi shekaru yana cuɗanya da sarakunan Jamus da lauyoyinsu, Latin da Jamusanci a bakinsa suke, ya san wanda ake lallashi da wanda ake tsoratarwa. Shi ke zama a kan rubutun sharuɗɗa layi-layi. Wanda ke yin aikin daban, wanda ake busa wa ƙaho daban.

Kuma jan ƙafar nan ba a takarda ta tsaya ba, rayuka take ci. Ana zaune a Osnabrück ana musayar daftari, runduna tana cin ƙauyukan Bavaria da Bohemia. Soja a lokacin daga gonar talaka yake ci. Masana suna ƙiyasta cewa ƙasashen Jamus sun rasa tsakanin kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin uku na jama'arsu, mafi yawa ta yunwa da annoba. Kowace damina da aka ƙara, wasu garuruwa ne za su zama kufai. Wannan ne ya sa nake tsaye a bayan wanda ya ce a gama.

Ɗan Zinder:
Amma Malam, shi ma Waziri Axel ba mahaukaci ba ne. Hujjarsa ita ce sarki ya mutu a wannan yaƙi, dubban 'yan Suwidin da Finland sun mutu, ba za a tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Yana son Pomerania, yankin Jamus da ke bakin tekun Baltic, gaba ɗayanta don kada wani ya sake kafa jiragen yaƙi a gaɓar da ke fuskantar ƙasarsa. Kuma jan da aka yi ne ya sa aka samu abin da aka samu.

Barista Nura:
Bari in faɗi abin da aka samu ɗin don a yi hukunci da ilimi. Pomerania aka raba: Suwidin ta ɗauki yamma tare da Stettin da tsibirin Rügen da bakin kogin Oder, Brandenburg ta ɗauki gabas aka ƙara mata Halberstadt da Minden da alkawarin Magdeburg. Suwidin ta kuma samu Wismar da yankunan Bremen da Verden, da kujera a majalisar daular Jamus. Sai kuɗin sallamar sojoji: rundunar ta fara da neman riksdaler miliyan 20, aka daidaita a miliyan 5. Wannan batu ya kusa wargaza komai, domin sojan da ba a biya ba ba ya ajiye bindiga don wani ya sa hannu a takarda. A fannin addini aka ɗauki 1624 a matsayin shekarar ma'auni, wato kowace coci ta koma hannun wanda ke riƙe da ita a wannan shekara, aka kuma amince da mabiya Calvin tare da Katolika da mabiya Luther.

A ranar 6 ga Agusta 1648 aka karanta daftarin Osnabrück aka yi musafaha a kansa, ba a sa hannu ba, saboda wancan sharaɗi da na ambata na jiran Faransa. Sa hannu sai 24 ga Oktoba a Münster.

Zainab Ɗalibar Tarihi:
A aji an ce mana daga nan ne aka samo tsarin 'yancin kowace ƙasa a kan iyakarta. Salvius yana da hannu a wannan?

Malam Habibu:
Zainab, ki riƙe wannan da taka-tsantsan. Rubutun yarjejeniyar ya fi magana a kan filaye da coci-coci da haƙƙin sarakunan Jamus a cikin daularsu, ciki har da damar ƙulla ƙawance da waje muddin ba a kan Ƙaisar da daula ba. Malaman baya ne suka ɗora mata wancan babban suna, kuma masana tarihi da yawa a yau suna ja da shi. Abin da za a iya jingina wa Salvius shi ne tunanin daidaita ƙarfi. Ya rubuta wa Sarauniya cewa tsaron kowa yana cikin kada wata ƙasa ta rinjayi sauran, kuma duk wadda ta fara yin ƙarfi fiye da kima, sauran za su haɗa kai a kanta. Gargaɗi ne ga ƙasarsa: maƙwabta sun fara yi wa Suwidin kallon da suke yi wa Habsburg.

Abu Yusra (Jamus):
Kuma har ana dab da sa hannu ba su daina ba. A Yulin 1648 Janar Königsmarck ya kama wani ɓangare na Prague ya kwashe taskar fada. Cikin ganimar akwai wani tsohon littafin Linjila mai rubutun azurfa da ke Uppsala yanzu. Ita Sarauniyar mai son sulhu ba ta mayar da kayan ba.

Maman Ihsan:
To ladan da Baba ya ambata fa? A 1648 Kristina ta naɗa shi ɗan majalisar ƙoli ta ƙasa, wurin da manyan gidaje suka ɗauka gadonsu ne, kuma Waziri bai so ba. Hujjarta ita ce idan shawara ake nema, ba a tambayar kakannin mutum nawa ne suka yi sarauta, abin da ya iya ake dubawa. Ni wannan ya burge ni ko da kuwa akwai siyasa a ciki. Mace 'yar shekara 21 ta tsaya gaban dattawan da suka yi renonta ta faɗi haka.

Baba Alhaji Mai Ritaya:
Maganar tana da daɗin ji, 'yata, kuma cancantarsa ba na musunta. Amma Sarauniyar nan ta yi ta rabon sarautu da filayen gwamnati har baitulmali ya rame, ba duk wanda ta ɗaga ne Salvius ba. A 1654 ta ajiye mulki ta bar ƙasar, ta koma Katolika, wanda ya karɓe ta a Roma kuwa shi ne Chigi ɗin nan na Münster, ya zama Fafaroma Alexander na bakwai. Axel Oxenstierna ya riƙe waziranci daga 1612 har ya rasu a 1654, kuma tsarin mulkin da ya kafa ya daɗe bayansa. Idan ana yabon ɗan akawu kada a zubar da Waziri.

Malam Habibu:
Ba za a zubar da shi ba, Baba. Shi kansa Salvius a makarantar Waziri ya koyi aiki kafin su raba hanya. Kujerar majalisar ma bai daɗe a kanta ba. Ya koma Stockholm a 1650 bayan shekaru a waje, aka ƙara masa girma zuwa baron a 1651, aka sake tura shi Lübeck don tattaunawa da Poland, ya rasu a Agustan 1652. Bai bar ɗa ba. Margareta, wadda ta girme shi da shekara 30, ita ta binne shi, ta rayu har 1657. Teburin ibada na azurfa da ke babbar cocin Stockholm, inda kabarinsa yake, kyautar gidansu ce.

Ɗan Zinder:
Ni dai har yanzu ban sauka daga matsayina ba, Malam: gwani ne, amma gwanin maslaha, kuma aljihunsa bai taɓa yin asara ba. Abin da zan ba ka shi ne gargaɗinsa ya tabbata. Maƙwabta sun haɗa kai a kan Suwidin daga 1700, Bremen da Verden suka tafi hannun Hanover, Stettin ta koma Prussia a 1720, ragowar Pomerania ta bi a 1815. Barista, Wismar fa, yaushe ta fita?

Barista Nura:
An jinginar da ita ga Mecklenburg a 1803 na tsawon shekara 100, da damar fansa. Da wa'adin ya cika a 1903 Suwidin ta sa hannu ta yafe haƙƙinta.